Naman raƙumi ya ƙi dahuwa, kuma surukata na tafe ranar Asabar

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a agaza min da shawara, kaina ya ɗaure. Jiya maigidana ya dawo daga Azare da ƙullin nama, zai kai kilo uku, har da guntun tozo. Wai watanda suka yi da abokansa aka soke raƙumi. Ni tun da nake ban taɓa dafa naman raƙumi ba. Na yanka rabi na wanke, na zuba albasa da citta da tafarnuwa da dunƙule kamar yadda nake yi wa naman sa, na ɗora a gas tun bayan azahar. Har aka kira la'asar ina ƙara ruwa. Da na tsamo tsoka ɗaya na kai baki, wallahi kamar ina tauna silifas. Na kashe wutar don na ɗaga tukunyar gas ɗin na ji ta fara sakayau.
Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya ake yi ya yi laushi? Ta biyu ita ta fi damuna. Ranar Asabar surukata da ƙannen maigida za su zo mana wuni nan Fadaman Mada. Ya ce in yi musu miyar taushe da shi in ja bakina in yi shiru, don Hajiya ba ta cin abin da ba ta saba da shi ba. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya.

HajiyaBabba_Jahun:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ba hannunki ba ne, tsohon amale aka soke muku. Yawanci raƙumi ba ya zuwa gaban mahauci sai ya gama bauta, ya yi dako ya ja garma shekara da shekaru. Naman da ya sha wannan wahalar ba a yi masa gaggawa. Sauke shi daga gas ɗin nan tun bai cinye miki na wata ba. Ki hura gawayi a kurfoti, ki samu tukunya mai kauri irin ta ƙirar gida, ki rufe ta ruf, wuta kaɗan kaɗan, ya yi ta ɓararraka a hankali. Awa huɗu ba su yi yawa ba. In ruwan ya ja, ruwan zafi za ki ƙara, kada ki kuskura ki zuba na sanyi. Mu a da tukunyar ƙasa muke sa shi bayan isha'i, mu tura itace guda mu kwanta, da asuba cokali ma yanka shi yake.

Zee_Gwallameji:
Hhhh silifas! Anti kin sa ni dariya a cikin aji. Ni dai ko kyauta aka ba ni ba na ci. Dabbar da wuyanta kaɗai ya fi ni tsawo?

ƊanMahauta_Wunti:
Hajiya Babba ta faɗi gaskiya, sai dai akwai saura. Matsalar daga wuƙa take farawa. Zaren naman raƙumi ya fi na sa kauri da tsawo, to in kika bi zaren kika yanka, ko kwana ya yi a wuta sai kin ja shi da haƙori. Gicciye zaren za ki yi, kuma ƙanana. Sannan ya danganta da inda rabonku ya faɗo a watandar. In cinya ce ko wuya ko dantse, sai haƙuri. Tsokar gadon baya kuwa ko tsire a yi da ita.
Zee, ke da kike cewa ba kya ci, in kin taɓa cin miyar biki a Kano ko Maiduguri, kada ki rantse. A garuruwan nan kullum sai an soke raƙuma, naman kuma kasuwa yake shiga. Mai ido yana gane shi: kitsensa fari ne tas, kuma ba ya ratsa tsoka kamar na sa, kusan duk ya tattare a tozo.

Zee_Gwallameji:
Innalillahi. Ɗan Mahauta ka cuce ni, yanzu duk auren da na je Kano sai na riƙa leƙen kwano.

UmmuHaidar22:
Ki jefa farasitamol biyu a ciki kawai, minti ashirin ya ragargaje. Haka masu abincin sayarwa da yawa suke yi da ganda da ƙafar sa.

Nas_Rabi:
@UmmuHaidar22 don girman Allah ki janye wannan maganar, akwai masu karantawa su je su aikata. Magani ba kayan miya ba ne. Farasitamol ko a yadda yake, in ya yi yawa hanta yake kamawa, balle an tafasa shi a tukunya, ba wanda ya san nawa ya shiga cikin wa, ga yara ga tsofaffi a gidan. Cewa wasu suna yi bai mai da shi daidai ba. In laushi ake nema ga gwanda nan. Ki samu ɗanya, ki goga kaɗan har da ɓawon, ki cakuɗa da naman ki rufe kamar awa ɗaya kafin ki ɗora. Ko ki murza ganyenta ki naɗe naman a ciki. Farin ruwan nan da ke fita in an karce ɗanyar gwanda shi ke sassauta zaren nama. Amma kada ya kwana a ciki, sai ya dagargaje ya koma kamar fate.

UmmuHaidar22:
To Anti Nas na ji, a yi haƙuri. Ni ma gani na yi, ban san abin ya kai haka ba.

Inna_Tumfure:
Kanwa fa? Ɗan ƙanƙani kamar ƙwayar gero biyu zuwa uku. Ita muka gada.

HajiyaBabba_Jahun:
Kanwa tana yi, amma ni ba na so a nama. Sai ya yi ja ya yi santsi, romon ya canja ɗanɗano. A wake na yarda.

Abban_Khalifa:
Ku mata kuna ta zancen wuta, ni tambaya ta biyu ce ta tsaya min. Ni ina bayan maigidan. Halal ne ko ba halal ba? Halal ne. Guba ne? A'a. To mene ne na yin shela? In ta ci ta ji daɗi shi ke nan, in an faɗa mata tun farko ko kallonsa ba za ta yi ba, a yi asarar nama a wannan tsadar. Uwarsa ce, ya fi kowa saninta.

Fa'iza_Bakaro:
@Abban_Khalifa bari in ba ka labari ka ji. Ina aji uku a sakandare muka je hutu gidan goggonmu a Dass. Mijinta yana kiwon zomaye a bayan gida, mu kuma a gidanmu ba a cin zomo, ban ma san dalili ba, haka dai muka taso. Ran nan ta yi mana shinkafa da miyar dage-dage, ta ce kaza ce. Muka ci muka suɗe hannu, naman fari, laushi, ba kitse. Sai ƙanena, lokacin bai fi shekara shida ba, ya ɗaga kai ya ce, Goggo ina fiffiken, ni fiffike nake so. Ta ce Baba ya cinye. Ya ci gaba da tona kwano, can ya ce, Goggo wannan kazar ƙafarta huɗu. Wallahi yayata a nan ta tashi ta yi bayan ɗaki, duk abin da ta ci sai da ya dawo. Yau shekara sama da ashirin, ni na zama mai cin zomo, har saye nake. Ita kuwa har gobe ba ta cin nama a gidan Goggo, ko na layya ne sai ta ce ta ƙoshi. Naman ya wuce tuni, rashin yardar ce ta zauna. Wannan goggo ce fa. Ina ga suruka da matar ɗa? Ranar da magana ta fito, kuma za ta fito don yara ba sa riƙe sirri, ba za a ce ɗanta ne ya sa ba. Maman Ilham za a ce ta ciyar da ita abin da ba ta so.

Maman_Ilham:
Fa'iza kamar kin shiga zuciyata. Ilham ɗin ma ta riga ta ji babanta yana cewa raƙumi, tun jiya take tambayata ko a Yankari aka kamo shi.

Garba_Alkaleri:
Haha, ki ce mata Yankari giwa muke da ita da ɓauna da gwanki da gogo mai ƙwace wa baƙi abinci a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Raƙumi sai can arewa, ta Maigatari da Nijar yake shigowa.

Malam_Usaini_Kobi:
Assalamu alaikum. Akwai wata fuska da ban ga an taɓo ba. Halaccin naman raƙumi babu saɓani a kai, ana layya da shi ana hadaya. Amma malamai sun yi saɓani kan ko cinsa yana warware alwala. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir ɗan Samura, an tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko a yi alwala don an ci naman tumaki, ya ce in ka ga dama. Aka tambaye shi na raƙumi, ya ce e, a yi. Imam Ahmad ya yi riƙo da wannan. Malik da Abu Hanifa da Shafi'i a mashahurin zancensa suna ganin ba ya warwarewa, kuma a kan na Malik akasarinmu muka taso. To a cikin baƙinki ba ki san wanda yake bin wancan ra'ayin ba, musamman matasa. In kin ɓoye ya ci ya tashi ya yi la'asar da alwalarsa ta azahar, kin shiga tsakaninsa da abin da ya yarda da shi. Ko don wannan kaɗai ni ina ganin a faɗa.

Abban_Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, wanda bai sani ba ai babu laifi a kansa.

Malam_Usaini_Kobi:
Shi babu, na yarda. Wanda ya sani ya yi shiru nake magana.

Sadiya_Pantami:
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Naman da ba kitse kuma zarensa dogo, ai dambu yake kira. Wanda kika riga kika tafasa ɗin nan, ki mai da shi wuta da albasa mai yawa, citta, kanumfari, masoro, attaruhu, har ruwan ya ƙone a jikinsa. Ki juye a turmi da zafinsa ki kirɓa, kada ki bari ya huce, in ya huce sai taɓarya ta riƙa tsalle. Ki warware shi da hannu, ki soya a man gyaɗa, wuta ƙasa ƙasa, kina juyawa ba tsayawa har kumfar ta daina tashi ya yi wasar wasar. Ki matse man a tsumma mai tsabta, ki barbaɗa yaji. Dambun raƙumi ya fi na sa auki, na yi da hannuna. In ya bushe da kyau sai ya yi makonni a roba ko ba wutar lantarki.

Bappa_Jekadafari:
Mutanen Bauchi ke nan, an ba ku nama kun rasa yadda za ku yi da shi. In ba masa ba me kuka iya? Ku aiko mana Gombe.

HajiyaBabba_Jahun:
Bappa, yaushe aka yaye ku? Shekaranjiya a 1996 fa aka cire ku daga jikinmu. Miyar taushen da kuke ci da masar ma a nan kuka koya.

Bappa_Jekadafari:
Tuba nake Hajiya. Amma dai kifin Dadin Kowa ya fi ƙarfinku, nan ba gardama.

Auwal_Injiniya:
Tun da an shiga zancen naman da ba a saba ba, ni a bautar ƙasa idona ya buɗe. Akure aka tura ni. Matar mai gidan da na zauna Musulma ce, ta riƙe ni kamar ɗanta. Wata rana ta aiko min da sakwara da miyar ganye, na ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar kunne a ciki, na ɗauka ƙoda ce. Na tauna na ji garas garas kamar ƙundun kaza. Da na mayar da kwano na tambaya, ta ce dodon koɗi ne, wai don ta girmama ni ta saya, ya fi naman sa tsada a wurinsu. Na yi murmushin dole na koma ɗaki na zauna ina jiran cikina ya juya. Shiru. Bayan sati biyu da kaina na roƙe ta ta nuna min yadda ake wanke shi: a fasa ƙoƙon, a cire kayan cikin, a murje da alif ko lemun tsami da gishiri har yauƙin ya fita tas. Da na dawo gida na ba da labari, ƙanwata ta yi kwana uku ba ta shan ruwa a kofina.

Zee_Gwallameji:
Ta yi daidai. Dodon koɗi fa Yaya Auwal! Abin da muke takawa a bayan gida da damina.

Auwal_Injiniya:
Zee, kina cin fara?

Zee_Gwallameji:
Sosai ma, ta Maiduguri da yaji da lemun tsami. Wannan ai daban.

Auwal_Injiniya:
To abokina Bayarabe da ya gan ni ina cin fara a leda, tashi ya yi ya bar min bencin. Ya ce ƙwari muke ci.

Malam_Usaini_Kobi:
Auwal, ka kwantar da hankalinka. A littafin Mudawwana na Malikiyya an tambayi Imam Malik game da dodon koɗi, ya ce yana ganinsa kamar fara ne, wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi. Mutanen Maroko 'yan Malikiyya ne kamar mu, a bakin titi ake sayar da romonsa. Ita kuma ƙyama ba laifi ba ce. A Buhari da Muslim an kawo cewa an ajiye gasasshen dabbu a gaban Manzon Allah a ɗakin Nana Maimuna. Ya miƙa hannu, sai matan suka ce a gaya masa ko mene ne. Da aka faɗa sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya ce haram ne? Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanena, shi ya sa raina ba ya so. Halidu ya jawo ya ci yana kallonsa. Malamanmu da damo suke fassara dabbu. Maman Ilham, ki lura da abu biyu a ciki: sai da aka faɗa masa kafin ya ci, kuma bai hana mai ci ci ba.

Garba_Alkaleri:
Malam, a gafarce ni, na ga hoton dabbun Larabawa, jelarsa gajera ce mai ƙayoyi, kuma ciyawa yake ci. Damonmu jelarsa doguwa, yana cin ƙwari da ƙwai da dodon koɗi. Ni ina ganin dangi ne kawai ba shi ba ne. Ba wai ina ƙin damo ba, mun ci shi muna yara ba adadi, farfesunsa kamar na kaza.

Malam_Usaini_Kobi:
Gyaranka ya karɓu Garba, ba halitta ɗaya ba ce, fassara ce da abin da ya fi kusa. Abin da na kawo hadisin dominsa yana nan.

Nas_Rabi:
Tun da an gangaro kan naman daji bari in sa baki, don rani ya shigo yara sun fara ƙona ciyawa suna bin gafiya da ɓeraye. Zazzaɓin Lassa ba baƙo ba ne a wurinmu, kusan kowace shekara Bauchi tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, tare da Ondo da Edo, kuma da rani ya fi tashi. Sunan ma daga garin Lassa na jihar Borno ya samo, inda aka fara gano cutar a 1969. Wani ɓera ne mai yawan nonuwa yake ɗauke da ita a fitsarinsa da kashinsa. Hatsarin ya fi yawa wajen kamawa da fiɗa, jini ya taɓa hannu mai rauni, tun kafin a kai ga tukunya. Yaro ɗan shekara goma ba ya tsayawa tantance wane irin ɓera ya kama. Zomon gida, zabo, agwagwa, tantabara, salwa, duk ga su nan an kiwata a gabanka, mai son canjin baki ya ishe shi.
Shi ma raƙumin a dafa shi ya dahu. Tun da aka gano cutar numfashin nan ta raƙuma a Saudiyya a 2012 ake gargaɗin alhazai kan ɗanyen nononsa da naman da bai nuna ba.

Dr_Sudan:
Allah sarki, kin tuna min. Lokacin da nake karatu a Sudan na ga ana cin hantar raƙumi ɗanya, a yayyanka a matsa lemun tsami a zuba barkono da albasa. Sau uku ana miƙo min ina cewa azumi nake.

Inna_Tumfure:
Nas ta ambaci agwagwa. Don Allah me ya sa mutane da yawa ba sa cinta? Maƙwabciyata tana da su sun fi ashirin, ko kyauta ta bayar sai a ce an gode a bar mata.

Sadiya_Pantami:
Ƙyamar kwata ce kawai Inna, ana ganinta tana cusa baki a ruwan wanke-wanke. To kazar gida me take ci? Sai kuma ƙarni, shi ma rashin iya gyara ne. In za ki yanka, ki kulle ta kwana uku kina ba ta dusa da ruwa mai kyau. Fiɗar ta fi ta kaza wuya, sai ruwan ya yi zafi sosai, bayan nan ki babbake ƙananan gashin. Akwai wani ɗan ƙullutu na mai a saman bindinta, shi za ki yanke ki yar, rabin warin daga nan yake. Ki wanke da lemun tsami ko ruwan tsamiya. Kada ki zuba mai, ki sa ta a tukunya da albasa ki bari ta fitar da nata, ki tsiyaye ki ajiye ki soya dankali da shi. Farfesunta da kimba da masoro, hmm.

Abban_Khalifa:
Kun ga abin da nake faɗa ke nan. Duk labaran nan, Auwal bai sani ba ya ci, Fa'iza ba ta sani ba ta ci, yau duk suna so. Da an faɗa musu da har yanzu suna nan suna yatsina.

Fa'iza_Bakaro:
Ka ƙirga ni ka manta yayata.

Auwal_Injiniya:
Ni kuma ba ɓoye min aka yi ba Abban Khalifa, ita ba ta san akwai wanda ba ya ci ba. Da ta ce min ƙoda ce sannan na gano, da labarin ya sha bamban.

ƊanMahauta_Wunti:
An manta da tozon. Maman Ilham, kada ki jefa shi a miya gaba ɗaya, kitse ne zalla. Ki yanka ƙanana ki sa a kasko ba ruwa, wuta kaɗan, zai narke ya bar ƙanzon da yara za su yi faɗa a kai. Ki tace man ki zuba a kwalba. Cokali ɗaya ya isa miya, shi ne zai ba naman maiƙon da ya rasa. Amma a ci da zafi, in ya huce daskarewa yake ya kama dasashi.

HajiyaBabba_Jahun:
Kuma ki ajiye wa tsofaffi kaɗan, muna shafawa a gwiwa da ƙafa in sanyi ya shigo.

Nas_Rabi:
Hajiya, kaushi da faso na yarda zai taimaka, mai ne. Ciwon gwiwar dai a zo a duba.

HajiyaBabba_Jahun:
Na ji likita. Zan zo, da kwalbata a jaka.

Maman_Ilham:
Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda na fara tafasawa na yi dambu da shi yadda Anti Sadiya ta ce, hannuna har yanzu ciwo yake don kirɓi. Ɗayan rabin na gicciye zaren na yanka ƙanana, na sa gwanda awa ɗaya, na ɗora a gawayi ƙarfe bakwai na safe. Sha ɗaya da rabi na danna da cokali ya rabe. Na yi taushe da kabewa da yakuwa da gyaɗa, na sa cokali ɗaya na man tozon.
Batun faɗa kuwa, daren Juma'a na ce wa maigida ni ba zan iya ba, ko ya faɗa ko in faɗa. Ya ce in yi abin da na ga dama, ya juya baya. Da suka zo, bayan an gaisa na durƙusa na ce Hajiya, miyar nan da naman raƙumi ce, in ba kya so ga miyar kuka na kaɗa miki da busasshen kifi. Ta yi shiru kaɗan, ta ce Allah ya yi miki albarka, kawo kukar. Ko buɗe kwanon taushen ba ta yi ba. Ƙannensa biyu suka ci har da ƙari, autarsu ta bi bayan Hajiya. Dambun kuwa ban san yadda aka yi ya ƙare ba, ɗaya ya ƙulle saura a leda ya sa a aljihu. Da za su tafi Hajiya ta hango kwalbar a kan kanta ta ce wannan fa? Na ce man tozo ne. Ta ce zuba min rabi.
Shi dai maigida har yanzu cewa yake da na yi shiru da ta ci.

Abban_Khalifa:
Kuma gaskiyarsa. Da ta ci.

Fa'iza_Bakaro:
Da ta ci, Ilham ta faɗa mata kafin ta sa takalmi.

Zee_Gwallameji:
Anti ba a rage ko ɗan dambun ba? Ba wai zan ci ba, gani kawai zan yi.

Bappa_Jekadafari:
Zee ta kusa faɗawa. Ɗan Mahauta, in an ji labarin watandar raƙumi a sa ni kashi ɗaya, motar Bauchi zuwa Gombe awa biyu ce, zai iso lafiya.

Maman_Ilham:
Zee ya ƙare wallahi, sai wani karon. @ƊanMahauta_Wunti sauran man ya daskare ya yi fari kamar man shanu. A firij zan sa ko ya zauna a waje? Wutarmu sai ta yi kwana biyu ba ta zo ba.

ƊanMahauta_Wunti:
In ya soyu sosai babu ruwa a ciki, ki rufe kwalbar ki sa a inuwa, yanzu da ake sanyi ba abin da zai yi. Busasshen cokali kawai za ki riƙa sawa. In zafi ya fara ki riƙa shinshinawa.